Tom Mix: Kaboyin Gaske Ne Ko Kaboyin Silima?

Tambaya: Malam, marigayi mahaifina yakan ba mu labarin finafinan kaboyi da suke kallo a silima a Kano lokacin samartakarsu. Kwanan nan na ga hoton wani Tom Mix sanye da ƙatuwar malafa. Aka ce shi ne sarkin kaboyi tun fim bai fara magana ba, wai ya yi yaƙi a ƙasashe uku, ya kuma yi aikin kama 'yan fashi a Teksas. Gaskiya ne? Wane ne shi, yaya ya rayu, me ya zama ƙarshensa?

Amsa: Allah ya jiƙan mahaifinka, ya kai haske kabarinsa. Labarin yaƙi a ƙasashe uku da farautar 'yan fashi a Teksas ba gaskiya ba ne, ƙagawa aka yi. Amma hawan dokin da ka ji ana yabo gaskiya ne, babu algus a cikinsa. Duk wanda ke son fahimtar Tom Mix sai ya raba waɗannan biyun, domin shekara da shekaru ana sayar da su a haɗe, kamar hatsi da tsakuwa a mudu ɗaya.

An haife shi ranar 6 ga Janairu, 1880, a wani ɗan ƙauye da ake kira Mix Run a jihar Pennsylvania, can gabashin Amurka. Ƙasa ce ta dazuzzuka da masu yankan katako, tafiyar kwana da kwanaki daga inda kaboyi suke. Sunan yankansa Thomas Hezikiah Mix, daga baya ya ajiye na tsakiyar ya ɗauki Edwin, sunan mahaifinsa. Ya tashi a garin DuBois, inda mahaifin ke riƙe da bargar wani attajirin katako, irin aikin da shamaki ke yi a gidan sarauta. A wannan barga yaron ya buɗe ido. Ya yi sharar kashin doki, ya ɗaura sirdi, ya ja ragama, ya san dokin da ke shirin harbi tun kafin ya ɗaga ƙafa. Wannan ita ce makarantarsa ta haƙiƙa, kuma ita ce masu tallansa suka fi ɓoyewa.

A watan Afrilu na 1898, da yaƙi ya ɓarke tsakanin Amurka da Sifaniya, ya shiga soja yana ɗan shekara 18. Aka sa shi sashen manyan bindigogi. Rundunarsa ba ta ƙetare teku ba, a sansanonin gaɓar gabas ta zauna har yaƙin ya ƙare. Bai yi ragon aiki ba, har ya kai muƙamin saje, ya kuma sabunta wa'adinsa. A Yulin 1902 ya auri wata mai suna Grace Allin. Ya karɓi hutu, daga nan bai sake komawa bariki ba. A Nuwamban wannan shekara aka rubuta sunansa cikin waɗanda suka gudu daga aiki. Ba a taɓa kama shi ba, ba a gurfanar da shi gaban kotun soja ba, ba a kuma ba shi takardar sallama ba har ya bar duniya.

To, kwatanta wannan da tarihin da kamfanin fim ya rubuta masa bayan ya shahara. Aka ce a kusa da El Paso ta Teksas aka haife shi, yana da jinin ƙabilar Cherokee. Aka ce a yaƙin Sifaniya ya fafata a Kyuba tare da mahayan Theodore Roosevelt, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka, ya je Sin lokacin tawayen 1900, ya shiga yaƙin Turawan Afirka ta Kudu, ya kuma zama ɗaya daga cikin dakarun tsaron nan na Teksas da ake kira Rangers. Shi kansa ya riƙa maimaita waɗannan labarai ga 'yan jarida, har matansa da abokansa suka ɗauka haka ne. Ɗan abin da ke ƙarƙashinsu kaɗan ne. A Maris na 1905 ya shiga ayarin mahaya da suka yi wa Roosevelt hawa a birnin Washington ranar rantsar da shi, cikinsu kuwa akwai tsofaffin dakarun da suka yi yaƙin Kyuba da gaske. A 1911 ya yi ɗan gajeren aikin ɗan doka mai tsaron dare a garin Dewey na Oklahoma. Muƙamin Ranger kuma na girmamawa ne, gwamnan Teksas ya ba shi a 1935, bayan sunansa ya gama zaga duniya. Ba na wanke shi daga wannan ƙarya, musamman da yake ya ari jaruntakar mutanen da suka zubar da jini a inda shi bai taka ba. Amma ina ganin dalilinta. Mutumin da ke da laifin gudun soja a bayansa, ga shi fuskarsa na kan kowane bango, yana bukatar labari mai kauri da zai lulluɓe wancan.

Kafin mu ci gaba, ya kamata a san wane ne kaboyi na asali, don kalmar ta shigo bakinmu ta ƙofar silima, ba ta ƙofar tarihi ba. Kaboyi makiyayin haya ne. Bayan yaƙin basasar Amurka ya ƙare a 1865, shanu sun yi yawa a Teksas ba kasuwa, birane kuma a arewa da gabas na neman nama. Sai aka riƙa ɗaukar samari su kora garken shanu dubu biyu ko uku, tafiyar wata biyu zuwa uku, har tashar jirgin ƙasa irin ta Abilene a jihar Kansas. Wanda ya san labarin masu koren shanu zuwa Kurmi a ƙafa kafin zuwan manyan motoci ya san irin wahalar: ƙura, ƙishirwa, kwanan daji, ƙetare kogi da dabbobi masu firgita. Ladan wata bai fi dala 25 zuwa 40 ba. Da yawansu baƙar fata ne da 'yan Meziko, kuma daga 'yan Mezikon aka gaji sirdin, da igiyar zarge, da yawancin dabarun sana'ar. Wannan zamani bai wuce shekara ashirin ba. Waya mai ƙaya, wadda aka yi wa rajista a 1874, ta killace makiyaya, layin dogo ya iso har bakin garke, sannan mummunan hunturun 1886 zuwa 1887 ya kashe shanu ba adadi. Lokacin da Tom Mix ya isa yamma, sana'ar ta riga ta zama abin nuni. Tun 1883 Buffalo Bill ke yawo da tawagar mahaya gari-gari yana karɓar kuɗin kallo.

Saboda haka abin da Mix ya tarar a Oklahoma shi ne kaboyin wasa, kuma a nan ya samu gurbinsa. Da farko ya yi 'yan buge-buge: ya yi madugun 'yan badujala, ya yi aiki a mashaya. Sannan ya samu shiga gandun kiwo na 'yan'uwan Miller, wanda ake kira 101, fili mai faɗin eka kusan 110,000, da shanunsa da kuma tawagar wasansa. A can ya goge da gwanaye. Ɗaya daga cikinsu, wanda nake so ka riƙe sunansa, shi ne Bill Pickett, baƙar fata ɗan Teksas. Shi ya ƙirƙiro wasan dirowa daga kan doki a guje a kama ƙahon bijimi a murɗe wuyansa a kayar da shi. Duk wanda ya taɓa ganin mahauta na hawan ƙaho ya san irin zuciyar da wannan ke bukata. Pickett ya girmi Mix, ya kuma fi shi suna a fagen wasa a lokacin, amma ƙofar manyan kamfanonin fim ba ta buɗe wa mai launinsa ba. 'Yan finafinan da ya fito a ciki a farkon shekarun 1920 na ƙaramin kamfani ne da ke yi wa baƙar fata fim. Shi ya sa aka wayi gari duniya na zaton kaboyi duk farare ne.

Tsakanin 1909 da 1910 kamfanin Selig na birnin Chicago ya zo yankin neman dawaki da mahaya. Aka ɗauki Mix don ya kula da dabbobi, sai aka sa shi ya hau wani doki marar horo a gaban kyamara. Daga nan bai sauka ba. Ya yi wa Selig finafinai sama da ɗari, galibi gajeru, naɗi ɗaya mai tsawon minti goma zuwa sha biyar. Sau da yawa shi ne mai tsara labari, shi ne mai ba da umarni, shi ne jarumi.

A nan sai ka san yadda fim marar magana yake aiki, in ba haka ba ba za ka gane dalilin ɗaukakarsa ba. Kyamarar da hannu ake juya ta, kamar injin niƙa na gida. Idan mai ɗauka ya rage saurin juyawa, sukuwa takan fito da ƙarin gudu a allo. A irin finafinan kaboyi, galibi rana ce fitila. Babu murya ko ɗaya, sai a katse hoto a nuna allon rubutu mai layi ɗaya ko biyu, a gidan silima kuma ga mai kaɗa fiyano yana bin abin da ke faruwa. A irin wannan fim, jiki ne baki. Wanda ya iya faɗa wa sirdi ba tare da taka likkafa ba, ya iya jefa igiya ta zarge mutum a guje, ya riga ya gama magana da ɗan ƙauyen Amurka da baƙon da ya sauko daga jirgin ruwa jiya bai iya Turanci ba. Mix ba gwanin nuna baƙin ciki ko soyayya da fuska ba ne, shi ma ya san haka. Abin da yake da shi jiki ne mai biyayya da rashin tsoro.

Kafin shi akwai manya biyu. Broncho Billy Anderson, wanda ya fito a fim ɗin fashin jirgin ƙasa na 1903, shi ne tauraron kaboyi na farko. Sai William S. Hart, tsohon ɗan wasan dandamali da ya shigo fim a 1914 yana dab da shekara hamsin. Hart mutum ne mai son gaskiyar abu. Garuruwan finafinansa masu ƙura ne, tufafinsa na aiki ne, jaruminsa galibi mugu ne da ke tuba a ƙarshe. Fim ɗinsa kamar wa'azi yake, a ɗaure fuska. Da Mix ya koma kamfanin Fox a 1917, sai ya ɗauki hanyar da ta saɓa wa wannan gaba ɗaya. Jaruminsa ba ya shan giya, ba ya zagi, ba safai yake kashe abokin gaba ba, ya fi son ya zarge shi da igiya ko ya kayar da shi da naushi ya miƙa wa hukuma. Ga raha, ga gudu, ga kasada bayan kasada. Yara ya sa a gaba, masu cika silima ranar Asabar. Bayan yaƙin duniya na farko mutane sun gaji da ɗaurin fuska, kasuwa ta koma wajen Mix, Hart ya yi fim ɗinsa na ƙarshe a 1925. Ni a wajena finafinan Hart sun fi nauyi da ma'ana, amma na Mix ne suka haifi 'ya'ya.

A Fox albashinsa ya kai dala 7,500 a mako, a zamanin da ma'aikacin masana'anta ke samun 'yan gomomi. Aka ware masa fili mai eka 12 a unguwar Edendale ta Los Angeles, ana kiransa Mixville. A ciki akwai cikakken garin kaboyi da titinsa, da banki, da kurkuku, da mashaya, ga turken dawaki, ga hamadar da aka haɗa da hannu. Akwai gidan gona da aka gina ba rufi, don hasken rana ya sauka cikin ɗaki a samu ɗaukar hoto. Amma bai tsaya a nan ba, ya riƙa kwasar ma'aikata zuwa wuraren gaske. A 1922 ya yi Sky High a bakin ƙaton kwazazzabon nan na Grand Canyon, mutane da yawa a fim ɗin suka fara ganin wurin.

Yanzu bari in zo kan doki, don rabin Tom Mix doki ne. Na farkonsa Old Blue, wanda ya mutu a 1919. Wanda ya gaje shi shi ne Tony, jan doki mai farin goshi da fararen ƙafafun baya, wanda ya saya dala 600 daga wani mai horar da dawaki, Pat Chrisman. Tony yakan kwance ƙullin igiya daga hannun ubangidansa da haƙori, ya buɗe ƙofar shinge, ya tsallake rami, ya bi jirgin ƙasa kafaɗa da kafaɗa. Wanda ya taɓa riƙe linzami ya san cewa wannan na ƙarshen ya fi sauran wuya, domin doki dabba ce mai gudun ƙara da hayaƙi, ba ya kusantar abin da ke huci sai in ya amince da wanda ke bayansa fiye da yadda ya amince da idonsa. Ana rubuta sunan Tony a takardar talla kusa da na Mix. A 1922 aka yi fim da sunansa, yara suna aiko masa da wasiƙu, a 1925 aka tafi da shi rangadin Turai. A 1927, da aka gayyaci Mix ya sa hannu da ƙafa a cikin ɗanyen siminti a ƙofar silimar Grauman a Hollywood, kofaton Tony ma ya shiga, shaidar na nan har yau. Sai dai kada a rufe ido: wannan zamani ne da ake ɗaura wa dawaki waya a ƙafa a fizge su suna cikin gudu don a nuna faɗuwa, da yawa sun karye ko sun mutu, ba a fara sa ido sosai a kan haka ba sai wajen 1940. Taurarin dawaki irin Tony suna da masu maye musu a wurare mafi haɗari. Dawakin da ba su da suna su suka biya kuɗin.

Idan kana son ganin gwanintarsa da idonka, nemi fim ɗinsa na 1926, The Great K & A Train Robbery, wanda aka ɗauka a duwatsun Colorado. Na kalle shi ba sau ɗaya ba, kuma abin da nake nuna wa masu koyo a cikinsa shi ne inda kyamara take tsayawa. Tana nesa, ba ta yankewa. Ga mutum yana lilo a jikin igiya a bangon dutse, ga kogi da layin dogo can ƙasa kamar zare, ya sulalo har ya sauka inda dokinsa ke jira. Ba a yanka an nuno fuska, a yanka a nuno ƙafa, a haɗa maka ƙarya ba. Da gangan aka bar hoton a buɗe don ka tabbatar mutum ne a wurin. Yawancin irin wannan kasada da kansa ya yi, musamman a shekarun Selig da farkon Fox, kodayake akan sa wani ya maye masa idan yana jinya ko kamfani ya ji tsoron asarar jarinsa. Jikinsa ya biya: karaya a kan karaya, ɗinki a kan ɗinki. Raunukan da aka riƙa cewa na harsashin yaƙi ne, mafi yawansu na faɗuwa daga doki ne a wurin neman abinci.

Sai tufafi. Farar malafa mai tsayi da faɗi, riga mai aikin zare, ɗamara mai ƙyalli, takalma masu zane, safar hannu, kaimi na azurfa. Babu makiyayin da zai shiga garke da wannan shiga, ado ne na filin wasa, kamar kayan hawan sallah. Amma wannan shiga ita ce ta zama kaboyi a idon duniya. A nan tambayarka ta haɗu da mahaifinka. Silimar Rex ta Kano an buɗe ta a 1937, shekara biyu bayan fim ɗin Mix na ƙarshe, don haka kaboyin da su Baba suka fi gani na zamanin magana ne, magadansa. Jarumi mai tsabta wanda malafarsa ba ta faɗuwa, dokinsa ya san fito, shi ne dai wanda 'yan kallo ke cewa akta ba ya mutuwa, to ƙirar Tom Mix ce. Ana ma ba da labarin cewa shi ya samar wa John Wayne, wanda daga baya ya zama babban tauraron kaboyi, aikin ɗaukar kaya a Fox lokacin yana ɗalibi. A Nijar kuma, a 1966, Moustapha Alassane ya yi fim kan wani saurayi da ya dawo daga tafiya da akwati cike da kayan kaboyi ya raba wa abokansa, suka juya wa ƙauye hankali. Kayan ne suka yi tafiya, ba sana'ar kiwon ba.

Faɗuwarsa ta zo ta ƙofofi da dama lokaci guda. A ƙarshen 1927 fim ya fara magana, kamfanoni suka ruɗe. Makirfon farko ba ya son iska da ƙarar kofato, kyamara ta koma cikin akwati don kada a ji motsinta, aka yi zaton fim ɗin daji ya mutu. A 1928 Mix ya bar Fox ya koma ƙaramin kamfanin FBO na Joseph Kennedy, mahaifin wanda ya zama shugaban Amurka daga baya, ya yi 'yan finafinai kaɗan ya tsaya. A Janairun 1929 shi da Hart suna cikin masu ɗaukar makarar Wyatt Earp, tsohon ɗan doka na yamma ta gaske. Daga wannan shekara zuwa 1931 ya koma wasan tanti, wato nunin dabbobi da wasannin bajinta da ake yi gari-gari a cikin ƙaton tanti, yana yawo da tawagar Sells-Floto. Karyewar kasuwar hannun jari ta 1929 ta ci dukiyarsa da yawa, shi kuma dama hannunsa ba ya riƙe kuɗi: ƙaton gida a Beverly Hills, motoci, kaya masu tambarin sunansa. Ga kuɗin sallamar mata, don sau biyar ya yi aure, ya haifi 'ya'ya mata biyu, Ruth da Thomasina.

A 1932 kamfanin Universal ya dawo da shi, ya yi finafinai tara masu magana. Sun samu kasuwa, amma ya haura hamsin, jiki ya fara ƙin abin da ya saba, Tony ma a wannan shekara ya ji rauni aka yi masa ritaya. Na ƙarshe shi ne The Miracle Rider na 1935, mai kashi 15, wanda aka biya shi dala 40,000 na aikin mako huɗu. Kuɗin ya zuba su a tawagar wasan tanti tasa ta kansa, ita kuma ta durƙushe a 1938. Abin da ya fi taɓa ni a wannan zango shi ne rediyo. Daga 1933 wani kamfanin abincin karin kumallo, Ralston, ya fara shirin yara da sunan Tom Mix, shirin ya yi ta gudana har wajen 1950. Miliyoyin yara suna jin Tom Mix yana magana a kowane mako, amma bai taɓa buɗe baki a shirin ba, wasu ne ke yin muryarsa. Sunan ya rabu da mai shi, yana cin gashin kansa.

Ranar Asabar, 12 ga Oktoba, 1940, ya taso daga Tucson ta jihar Arizona ya nufi Phoenix, shi kaɗai, a cikin motarsa ƙirar Cord mai ruwan ɗorawa, marar rufi, irin wadda ba a yi ta don tafiyar sannu ba. Kimanin mil 18 kudu da garin Florence, ambaliya ta cinye wata gada, ma'aikata suna gyara sun gitta shinge. Ya iso da gudu, birki bai tsayar da shi ba, ya kauce, motar ta gangara cikin busasshen rafi ta kife. A bayan kujerarsa akwai babban akwatin alminiyam. Akwatin ya taso ya buge shi a ƙeya ya karya masa wuya, nan take rai ya yi halinsa. Shekarunsa 60. An binne shi a maƙabartar Forest Lawn da ke Glendale a Kalifoniya. Akwatin yana ajiye a gidan tarihinsa da ke Dewey, garin da ya yi tsaron dare.

Wata asarar ta riga mutuwarsa. Fim na wancan zamani da sinadarin naitiret ake yinsa, wanda ke ruɓewa da kansa, yana kuma kamawa da wuta in zafi ya yi yawa, wutar da ruwa ba ya kashewa. Ranar 9 ga Yuli, 1937, cikin tsananin zafi, rumbun ajiyar Fox da ke Little Ferry a jihar New Jersey ya tashi, naɗi sama da 40,000 suka ƙone. Mafi kyawun shekarun Mix suna ciki. Cikin finafinai 291 da aka lissafa masa, waɗanda masu magana a cikinsu ba su wuce goma ba, abin da ya rage bai fi kashi ɗaya cikin goma ba. Ba shi kaɗai ba ne: binciken da babban ɗakin karatu na majalisar Amurka ya fitar a 2013 ya nuna kusan kashi 70 cikin ɗari na dogayen finafinan Amurka marasa magana sun ɓace gaba ɗaya. Wannan ne ya sa ƙaryar tarihinsa ta daɗe tana yawo. Takardun talla da jaridu sun tsira, aikin da ya yi da jikinsa ya zama toka. Biyun da na ambata maka, na 1922 da na 1926, suna cikin waɗanda suka tsira, ana kuma samunsu a intanet. Idan za ka kalla, ka sa ido a kan hannunsa na hagu da linzami, ka ga yadda ba ya fizgar bakin doki ko a tsakiyar sukuwa.

Tony ya rayu shekara biyu bayan ubangidansa, ya mutu a 1942 yana tsoho. Rafin da motar ta kife a cikinsa yanzu sunan Tom Mix yake amsawa. A gefen hanyar, wadda yau ake kira lamba 79, an gina ɗan tudun duwatsu a 1947, a samansa siffar doki ta baƙin ƙarfe, da sirdi a bayansa ba mahayi, kansa a sunkuye.